Barci ya gagare ni tun daren da aka shigo garinmu

Ɗan Tsafe: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni. Shekarata 24, ina tsaron shago a Kano. Bara da damina 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu cikin dare. Allah ya yi da sauran kwanana, Baba ya ce in taho wurin kawuna. To ni dai na zo Kano, amma barci bai biyo ni ba. In na kwanta sha ɗaya, wajen ƙarfe biyu zan farka firgigit, zuciya na dukan uku-uku, riga sharkaf da gumi, shi ke nan kuma sai kiran sallah. Babur in ya wuce ta bayan tagarmu sai in tsinci kaina tsaye a bakin ƙofa. Da takalmi nake kwana, har yaran kawu suna yi min dariya. Wani lokaci mafarki ne, abin da ya faru sak. Wani lokaci ba mafarkin komai, tashi kawai nake. Da rana kuwa ga saurin fushi ga mantuwa, ranar nan mutum ya ba ni dubu ɗaya na ba shi canjin dubu biyar. Wani abokina ya haɗa ni da wata 'yar ƙwaya a kemis, da farko ɗaya tana kwantar da ni, yanzu biyu ma sai a hankali. An yi min rubutu na sha, an yi min ruƙiya. Don Allah wanda ya san wannan abu ya gaya min gaskiya, haukacewa zan yi ne?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Amma ƙanena ka zama namiji mana. A ƙasar nan wa bai ga tashin hankali ba? Iyayenmu sun ga yaƙin basasa, mutanen Kano sun ga Maitatsine a 1980, ba su zauna suna lissafin mafarki ba. Ka riƙe azkar, ka yi aiki tuƙuru da rana jiki ya gaji, barci dole ya ɗauke ka. Yaran yanzu komai sai an raɗa masa sunan ciwo.

Maman Ilham: Innalillahi. Sannu ɗana. Wallahi da na karanta maganar takalmin nan sai da na ajiye wayar. Allah ya isar muku.

Bukar Yerwa: Yaya Baban Khalifa, da girmanka, amma maganar nan ba haka take ba. Waɗanda suka dawo daga yaƙin basasar fa? Tsofaffinmu suna ba da labarin tsohon sojan unguwa da ba a taɓa shi ta baya, mai ihu cikin dare, mai dukan iyali ba dalili. Cewa ake yi ya taɓu, a wuce wurin. Ba rashin ciwon ba ne, rashin mai tambaya ne.

Ni a Maiduguri na tashi. Ranar da aka kai hari barikin Giwa, Maris ɗin 2014, ina yaro, a ƙarƙashin gado muka yi safiyar nan ni da ƙannena. Bayan gari ya lafa kowa ya koma harkarsa, ni ma haka na zata. Sai da na shiga jami'a abin ya taso min. A ɗakin kwanan ɗalibai wani ya buga ƙofa da ƙarfi, ban san lokacin da na kwanta a ƙasa ba, a gaban mutane. Aikin gajiya kuwa na yi shi, har dakon bulo na yi lokacin hutu. Jiki zai gaji liƙis, ido kuma ƙyam. Ɗan Tsafe, ba hauka kake ba. Mu da yawa ne.

Baban Khalifa: Ni ban ce bai ga bala'i ba. Cewa na yi a bar koya wa yara rauni.

Sista Hauwa: Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Ƙanena, ba zan iya yanke maka hukunci ta waya ba, wannan sai likita ya zauna da kai. Amma abin da ka lissafa ya yi kama ƙwarai da ciwon firgici na bayan tashin hankali, wanda a asibiti ake ce wa PTSD. Alamominsa ba sa ɓuya: abin yana dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa, yana gudun duk abin da zai tuna masa, jikinsa kullum a ɗaure cikin shirin gudu, sannan tunaninsa game da kansa da mutane ya sauya. Kusan duk wanda ya ga irin abin da ka gani zai yi haka a makonnin farko, kuma mafi yawa abin yana lafawa da kansa. In ya wuce wata guda yana nan, yana kuma hana mutum aikinsa da barcinsa, to ya zama abin nema wa magani. Naka ya haura shekara.

Hausawa sun riga likitoci ganin abin, su ne suka ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A daren nan, farkawar da ka yi da jin ƙarar babur ita ta cece ka. Ƙwaƙwalwarka ta riƙe wannan darasi, ba ta yarda ta sake shi ba. Shi ya sa take tashinka daidai lokacin, ta zuba maka sinadaran gudu a jini, zuciya ta buga, gumi ya karyo. Ba lalacewa ta yi ba, gadi take yi a inda ba a bukatar gadi. Kuma ana warkewa, na gani da idona.

Abin da ya fi damuna yanzu ƙwayar nan ce. Duba jikin takardarta ka gaya min sunan.

Ɗan Tsafe: Na gode Anti. An rubuta diazepam.

Sista Hauwa: Na yi zaton haka. Ka ji ni da kyau. Na farko, kada ka daina ta dare ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da ita in ya yanke kwatsam zai iya shiga rawar jiki, firgicin ya ninka, wani har farfaɗiya. Likita ne zai rage maka ita sannu a hankali. Na biyu, kada ka ƙara yawanta, kuma kada ka kuskura ka haɗa ta da tiramol ko maganin tari mai kodin ko giya, haɗin nan yana iya tsayar da numfashi mutum yana barci. Na uku, ba ita ce maganin wannan ciwon ba. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarar cewa kada a ba wanda bai daɗe da shiga tashin hankali ba irin waɗannan ƙwayoyi don firgici ko rashin barci. Suna kashe jiki na 'yan awoyi, abin da ke cikin kai yana nan inda yake, ga kuma sabo ya shigo.

Shamsu Mai Kemis: Sista gaskiya kika faɗa, amma a riƙa yi mana adalci. Mutum zai zo maka ido jajur, ya ce kwana nawa bai runtsa ba, ba shi da kuɗin mota zuwa asibiti balle na kati. In ka hana shi, shago na gaba zai ba shi, ko ya je wurin yaran bakin tasha su ba shi abin da ya fi wannan muni. Ni na daina sayar da ita sai da takardar likita, kuma na rasa kwastomomi a kan haka. Tun da aka hana kodin a 2018 me ya canza? Yaran sun koma wasu ƙwayoyin ne kawai. Da yawansu in ka ja su da hira ba jin daɗi suke nema ba, barci suke nema.

Sista Hauwa: Jumlarka ta ƙarshe na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Sauran kuwa, "wani zai ba shi" ba hujja ba ce, Malam Shamsu.

Malam Auwal: Bismillah. Ina so in gyara abu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Masu cewa rashin imani ne ko ragwanta, su ji tsoron Allah. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ya ba mu labari a Suratu Yusuf, ba a kuma ce imaninsa ya ragu ba. A cikin Bukhari, Abu Salama ya ce yakan yi mafarkin da ke sa shi rashin lafiya, har ya ji sahabi Abu Ƙatada yana cewa shi ma haka yake yi kafin ya ji abin da Manzon Allah (SAW) ya koyar. Sahabi ke nan fa. Abin da aka koyar kuwa: in ka ga abin ƙi a mafarki, ka yi tofi ta hagunka sau uku, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ka juya ɗaya gefen. A wata ruwayar ta Muslim aka ce ka tashi ka yi sallah.

Ɗaya ɓangaren kuma, kada wani ya sa yaron nan ya ji kamar ruƙiyar da aka yi masa aikin banza ce. Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya sunna ce, ya ci gaba. Amma wanda ya koyar da su shi ne ya ce bayin Allah ku nemi magani. Ɗana, ka je asibiti, ka tafi da addu'arka.

Ɗan Tsafe: Allah ya gafarta Malam, akwai abin da ke ɗaure min kai. Wanda ya yi min ruƙiya ya ce hadisi ya hana a ba da labarin mummunan mafarki. In na je asibiti ai sai na faɗa. Ban saɓa ba?

Malam Auwal: Hadisin gaskiya ne, yana nan. A fahimtata, an hana yawo da mafarki a majalisa, wannan ya fassara maka da mutuwa, wancan ya ƙara maka tsoro. Sannan ruwayar Abu Huraira ta kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da rai ke saƙawa. Kai abin da ka gani da idonka ne yake maimaita kansa, ba gaibu ake nuna maka ba. Gaya wa mai magani inda ke maka ciwo ba hira ba ce. Wallahu a'alam, kuma in ka samu malamin da ya fi ni sani ka ƙara tambaya.

Zainab Gwange: Ni nawa ba bindiga ba ce, ruwa ne. Daren da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shigo mana Maiduguri, Satumbar 2024, muna barci muka ji ihu, kafin mu fito ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida. Na ɗauki yaron yayata a wuya, muka bi mutane cikin duhu ba mu san inda muke taka ƙafa ba. Yanzu ko yayyafi aka fara a kan kwano, ni da barci sai wata rana. Sai in tashi in haska fitilar waya a ƙasan ƙofa in ga ko ruwa ya fara shigowa. Takarduna na makaranta a leda suke a saman kwaba har yau. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma dannau ne. Ina ji ina gani, ba na iya motsa ko yatsa, kamar an ɗora min buhu a ƙirji, wani lokaci in ga kamar mutum a tsaye a lungun ɗaki. Goggona ta ce aljanin ruwa ne ya biyo ni.

Maman Ilham: Dannau kam aljani ne, wannan kowa ya sani. Ki riƙa kwanciya da alwala.

Sista Hauwa: Alwala ba ta da laifi Maman Ilham, amma bari in faɗi abin da aka gano a ɗakin gwajin barci. A matakin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa takan kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yana riga jiki farkawa, sai mutum ya buɗe ido gaɓoɓi ba su sake ba tukuna, ragowar mafarkin kuma yana gauraya da ɗakin da yake gani. Shi ne mutumin lungun. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintuna, kuma ba ya kisa. Ya fi kama wanda barci bai ishe shi ba, da mai kwanciya rigingine, da masu irin wannan firgicin. Zainab, ki gwada kwanciya ta gefe. In ya zo kada ki yi kokawa da shi, ki mai da hankali kan motsa ɗan yatsa ɗaya ko ƙifta ido, ki bar numfashi ya tafi da kansa.

Maman Ilham: To. Ni dai abin da na tashi na ji ke nan.

Isuhu Maraɗi: Ina yi ma kowa sallama. Nan wajenmu jihar Maraɗi tun 2019 mutane ke kwararowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, wajen Gidan Runji sun cika. Na yi aiki da masu raba kayan agaji. Abin da na gani, mata sukan zo likita su ce ciwon kai, ciwon ciki, zuciya na faɗuwa, a auna a ce ba a ga komi ba, a ba su farasitamol. In ka zauna da su sannan ka ji ba su barci. Amma ni tambayata ga Sista: wanda ya baro garin ana iya ce mishi hatsari ya wuce. Wanda ke can har yanzu fa? Shi in ya yi barci mai nauyi ai ya mutu. Mi za a ce mishi?

Ɗan Tsafe: Wallahi Malam Isuhu ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Innata da ƙannena suna can. Muna da zauren WhatsApp na 'yan garinmu, cikin dare ake turo saƙon murya, an ga babura ta gabas, an ji harbi a ƙauyen gaba. In na kashe waya sai in ji kamar na yi musu butulci. In na bar ta kuma kowane ƙit sai gabana ya faɗi.

Bukar Yerwa: Wannan zauren shi ne rabin ciwonka. Na san shi, mu ma muna da irinsa. Tsakani da Allah, in aka turo saƙo ƙarfe biyun dare kana Kano, me za ka iya yi? Abin da na yi, na samu ɗan'uwana ɗaya na ce in wani abu ya shafi gidanmu kai tsaye ya kira ni a layi, komai dare. Sai na rufe sautin zauren, ina dubawa da safe bayan na karya. Bidiyon gawarwaki kuwa na hana wayata sauke su da kanta. Masu turo waɗannan abubuwa suna ganin taimako suke yi, Allah ya shirye su.

Sista Hauwa: Malam Isuhu, ba ni da amsar da za ta gamsar da kai, domin ba matsalar asibiti ba ce, matsalar tsaro ce. Wanda ke cikin hatsari, tsoronsa daidai ne. Abin da kawai ake iya yi shi ne rabon gadi, wasu su kwana ido biyu wasu su yi barci, gobe a sauya, maimakon gari duka ya kwana a zaune. Amma Ɗan Tsafe ba a can yake ba, kuma rashin barcinsa a Kano bai tsare kowa a can ba. Shawarar Bukar ta yi.

Ga abin da za ka fara kafin ka ga likita. Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, tunda ga asuba, ka riƙe ta ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, kuma kada ka rama da dogon barcin rana, in ƙailula ce kada ta wuce minti 20 zuwa 30. In ka farka ka ga kamar minti 20 sun wuce barci bai dawo ba, kada ka yi ta juyi a shimfiɗa. Tashi, ka yi alwala, ka yi nafila ko karatu a haske maras ƙarfi, sai ka ji ido ya yi nauyi ka koma. Dalili, in mutum ya daɗe yana fama a kan katifa, jiki yakan ɗauki katifar a matsayin wurin fargaba. Ka ga ya zo daidai da ruwayar da Malam ya kawo. Lokacin da ka farka a firgice, ka taka ƙasa da tafin ƙafarka, ka faɗa a fili: nan Kano ne, ɗakin kawu ne, yau kaza ga wata. Ka ambaci abin da idonka ke gani, fanka, buta, ƙusar da ka rataye riga. Ka ja numfashi, fitarwar ta fi shaƙar tsawo.

Sai shayi. Na san 'yan shago. Sinadarin da ke cikin shayi da kofi da goro da lemukan ƙara kuzari yakan yi kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Wanda ka sha da magariba yana nan tare da kai tsakar dare. Daga la'asar ka haƙura.

Isuhu Maraɗi: Shayi daga la'asar? Sista kin kashe mu mutanen Nijar, mu da sai bayan isha'i ake ɗora buta ta fari.

Baban Khalifa: Yanzu duk wannan dogon bayani, ba abin da na faɗa ba ne? Sallah da azkar da tashi da wuri.

Bukar Yerwa: A'a Yaya, kai cewa ka yi ya zama namiji.

Ɗan Tsafe: Akwai abin da ban faɗa ba. Ko kawuna bai sani ba. Daren nan mu biyu ne a shagon samari, ni da ɗan baffana, tare muka tashi tun muna yara. Da na ji su na ture shi na ce tashi, na fita ta baya na faɗa gonar dawa. Na zata yana biye da ni. Ina kwance cikin kunyar gonar, ƙasa jiƙe, sauro na cizo ban isa in motsa ba, na ji shi yana kiran sunana. Ban amsa ba. Da safe muka same shi. Mafarkin da nake yi ke nan, kiran nan. In na ga mahaifiyarsa ta kira ni a waya ba na iya ɗauka.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Malam Auwal: Allah ya gafarta masa, ya karɓi shahadarsa. Ɗana, ka saurare ni. Wanda ya ɗauki bindiga ya shigo gari shi ya kashe ɗan'uwanka, shi zai amsa a gaban Allah. Kai ka tashe shi. Da ka amsa kiran nan da gawa biyu aka samu, ba ɗaya ba. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Ka yi masa addu'a, ka yi masa sadaka gwargwadon hali. Mahaifiyarsa kuma ina kyautata zaton ba tuhumarka take kira ta yi ba, kai ne ragowar abin da ke tuna mata ɗanta. Ba na ce ka kira ta yau ba. Amma kada ka yanke.

Zainab Gwange: Na kasa rubuta komai. Sannu Yaya.

Sista Hauwa: Na gode da ka faɗa, na san ba ƙaramin abu ba ne. Wannan jin laifin na wanda ya tsira yana cikin ciwon kansa, kuma sau da yawa shi ke riƙe da shi ya hana shi tafiya. Shi ya sa dabarun barcin da na lissafa ba za su wadatar su kaɗai ba. Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa zama ne da ƙwararre, galibi sau ɗaya a mako, kamar zama 8 zuwa 12, wani ya fi haka. Ana bin labarin daki-daki a inda kake cikin aminci, har ƙwaƙwalwa ta ajiye shi a matsayin abin da ya wuce, ana kuma duba irin hukuncin da ka yanke wa kanka a ga ko adalci ne. Makonnin farko da nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Na mafarki ma akwai dabararsa: da rana ake zama a sauya yadda mafarkin ke ƙarewa, a riƙa bitar sabon a zuci kullum, da yawa yana rage musu. In likita ya ga da bukata akwai ƙwayoyi irin su sertraline, ba na sa barci ba ne, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, kada a yar da su a mako na biyu a ce ba sa yi.

Tambaya ɗaya, kuma ina yi wa kowa ita a wurin aiki: ka taɓa jin gara ma ka mutu, ko tunanin yi wa kanka illa?

Ɗan Tsafe: Na kashe kaina a'a, ina tsoron Allah. Amma nakan ce da ni aka samu da safen nan da ya fi sauƙi.

Sista Hauwa: To wannan ma ka gaya wa likita yadda ka gaya min. In kuma wata rana tunanin ya wuce haka, a daren za ka tashi kawunka, ba sai gari ya waye ba. Ƙwayoyin nan ka ba shi ya riƙe maka, ya riƙa ba ka na kowane dare har ka ga likita.

A Kano akwai ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Masu karatu daga wasu wurare: akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, Zainab wannan naku ne. Likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, saboda haka layi akwai shi, a tafi da haƙuri. Ka tambaya musamman ko akwai masanin halayyar ɗan Adam da ke yin zaman magana, kada a tsaya a rubuta ƙwaya kawai.

Ɗan Tsafe: Dawanau fa Anti? In aka gan ni a can an gama da ni. Wa zai ba ni 'yarsa?

Shamsu Mai Kemis: Ka ce kasuwar hatsi ka je mana, ai duk Dawanau ce.

Bukar Yerwa: Shamsu ka ji tsoron Allah, ka sa ni dariya cikin mutane. Amma ɗan'uwa, tsoron nan ni ma shi ya cinye min shekaru. Ranar da na je, waɗanda na tarar a benci malaman makaranta ne, da 'yan kasuwa, da wata mai goyo, kowa riƙe da katinsa. Ba wanda ya kalle ni. In Dawanau ce ba ka so, ka je asibitin koyarwa, can ƙofa ɗaya kowa ke shiga, mai ciwon ido da mai karaya.

Sista Hauwa: Kuma doka tana bayanka. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 wadda tun zamanin Turawa take. Sirrin maras lafiya haƙƙinsa ne. Aiwatarwa dai da saura, wannan kowa ya sani.

Baban Khalifa: Ni har yanzu ina ganin da an bar shi da Alƙur'ani da ya wadatar. Amma Allah ya ba shi lafiya.

Ɗan Tsafe: Amin Yaya. Matsalar yanzu maigidana na shago. Asibiti sai da safe, kuma in ana zuwa duk mako dole ya sani. Me zan ce masa?

Maman Ilham: Ka ce ciwon kai ne ke damunka, ai ba ƙarya ka yi ba.

Malam Auwal: Ka ce rashin barci ne likita ke duba ka a kai. Gaskiya ce, kuma ba dole sai ka buɗe masa sauran ba. Ya fi kyau kawunka ya yi masa maganar, babba da babba.

Bukar Yerwa: Aiki ya kawo ni Kano wannan watan, ina wajen Hotoro. In ka sa rana ka yi min magana ta gefe, ni zan raka ka. Mu fita bayan asuba don karɓar kati, in aka makara sai azahar. Ka taho da takardar ƙwayar nan ko da babu komai a ciki, likita zai so ya ga ƙarfinta.

Zainab Gwange: Sista, ni ma ina da tambaya a kan yaron yayata da na ɗauko daren ruwan. Shekararsa 6, ya daina fitsarin kwance tuntuni, amma tun lokacin ya dawo da shi, kuma uwarsa dukansa take yi. Shi ma can za a kai shi, ko na yara daban ne?

Sista Hauwa: Da farko a daina dukan, yau ɗin nan, ba da gangan yake yi ba. A fara kai shi wurin likitan yara a auna fitsarin a tabbatar ba wani ciwon ba ne, a kuma gaya masa labarin ruwan. Zan shiga aikin dare yanzu, ki turo min sauran bayanin ta gefe, da safe in na sauka zan duba.